Neman Aiki a Legas ga Mai Goyo da Mai 'Yan Makaranta

Matar da ke zaune a Agege, aka ɗauke ta aiki a Lekki, aka ce ta riƙa isa ofis ƙarfe 8 na safe, dole ta bar gida tun ba a kira assalatu ba, ba kuma za ta dawo ba sai bayan isha'i. Yaranta ba za su gan ta ido biyu ba sai ranar Asabar. Ko da kamfanin ya rubuta a tallarsa cewa yana sauƙaƙa wa iyaye mata, hanya ta riga ta cinye sauƙin tun ba a fara ba. Don haka uwa mai neman aiki a Ikko da agogo da hanya take farawa. Maganar albashi tana biyo baya, kuma in an yi lissafin daidai, sau da yawa ƙaramin albashi na kusa ya kan bar miki kuɗi a hannu fiye da babba na nesa.

Lissafin da za ki yi kafin ki aika wa kowa takarda

Ɗauki biro da takarda ki rubuta yinin gidanki yadda yake, ba yadda kike fata ba. Ƙarfe nawa yara ke fita makaranta, wa ke kai su, ƙarfe nawa ake tashi, wa ke ɗauko su, yaushe suke tafiya islamiyya, wace rana ce ta rigakafin jariri. Abin da ya rage a tsakani shi ne lokacin da za ki iya sayarwa. Ga mata da yawa bai wuce daga ƙarfe 8 zuwa 2 ko 3 na rana ba. Wannan awa 6 ko 7 ne, har da tafiya da dawowa.

Sai ki zana wa kanki da'ira: duk inda mota ɗaya za ta kai ki cikin minti 45 da safiyar Litinin. Wadda ke Agege, da'irarta ta haɗa da Ogba, Ikeja, Dopemu, Iyana Ipaja da Abule Egba. Jirgin ƙasa na Red Line da ya fara ɗaukar fasinja a watan Oktoban 2024 ya faɗaɗa mata ita, don daga tashar Agege yana tsayawa a Ikeja, Oshodi, Mushin, Yaba har Oyingbo, sai dai ki duba jadawalinsa tukuna, domin ba kowane lokaci yake tashi ba. Wadda ke Idi-Araba tana da Surulere, Yaba, Mushin da Ilupeju. Ta Mile 12 ko Ketu tana da Ojota, Maryland, Ikeja, ga kuma BRT ta layin Ikorodu. Ta Obalende kuwa ita ce mai babban rabo, don Ikoyi da ofisoshin Ailan suna bakin ƙofarta, abin da wasu ke haye gadar Third Mainland kullum domin su isa. Kada ki yarda da "ai ba nisa" daga bakin wanda bai taɓa bin hanyar da safe ba. Ki gwada tafiyar da kanki a ranar aiki, a daidai lokacin da za ki riƙa fita, sannan ki ƙara rabin awa saboda damina.

Yanzu kuɗi. Mu ɗauki misali, ke kuma ki sa naki alƙaluman. A ce an yi miki tayin naira 130,000 a wata a wurin da sai kin shiga mota uku. In kuɗin mota zuwa da dawowa 3,000 ne a rana, kwana 22 ya kama 66,000. Gidan reno na ƙaramin yaro a ce 25,000, abincin rana 1,000 kullum ya zama 22,000. Abin da ya rage 17,000 ne, ba a kuma yi maganar abincin dare da za a riƙa saya a waje ba ranar da kika dawo a gajiye. Wata makaranta kuma a bayan layinku ta ce za ta ba ki 70,000, da ƙafa za ki je, ki ci abincin gida, ki taso tare da yaranki, wataƙila har da ragin kuɗin makarantarsu. Wanda ya ji lambobin biyu kawai zai ce na farko ya fi, amma aljihu ya san gaskiya.

Takardu: ba a fafe gora ranar tafiya

Abin da ya fi kayar da matanmu a matakin ƙarshe shi ne saɓanin suna. A takardar WAEC ko NECO sunan mahaifi ne, a NIN sunan miji, a BVN kuma an rubuta Hauwa inda sauran suka ce Hauwa'u. Ma'aikacin da ke tantancewa ba ya da lokacin jin tarihi, ajiye fayil ɗin kawai zai yi. Ki jera NIN da BVN da takardun makaranta ki duba suna da ranar haihuwa harafi bayan harafi. In akwai bambanci, ki yi takardar rantsuwa a kotu, in canjin suna ne ki haɗa da sanarwa a jarida, ki ajiye kwafi. In asalin takardar WAEC ɗinki tana can gida a akwatin Hajiya ko ta ɓace a ƙaura, hukumar tana da shafin da ake ciro takardar ta intanet a biya kuɗi.

Ki yi rajistar LASRRA, wato katin mazauna jihar Legas. Ba sai 'yar asalin jiha ba, duk mai zama a jihar yana da damar yi, kuma kusan duk wani shirin gwamnatin jiha na horo ko rance sai an tambaye shi. Mai NCE ko digirin koyarwa ta nemi rajistar TRCN, wato hukumar yi wa malamai rajista. Ma'aikaciyar jinya, ungozoma ko jami'ar lafiyar al'umma ta tabbata lasisinta bai mutu ba a shekarun da ta yi tana reno, don sabunta shi yana ɗaukar lokaci, asibiti kuma ba zai jira ba.

Sai garanto. Masu ɗaukar aiki a Legas, musamman inda za a riƙe kuɗi ko kaya, sukan buƙaci mutum biyu masu tsayayyen adireshi da aiki ko kasuwancin da aka sani, su cike fom, su ba da hoto da katin shaida. Wasu kamfanonin ba sa karɓar miji ko ɗan'uwa na jini. Wadda ba ta daɗe da zuwa gari ba nan take maƙalewa. Ki yi magana da mutanenki tun yanzu: limamin unguwa, shugabar makarantar yaranki, wani dattijo mai shago da ya san maigidanki. Ki faɗa musu abin da sa hannun ke nufi, don kada ranar da kamfani ya kira su tabbatar su ce ba su san zancen ba.

CV kada ta wuce shafi ɗaya ko biyu. A sama ki sa suna, lambar wayar da kullum take kunne, imel mai ɗauke da sunanki na gaskiya, da unguwarku. Unguwar tana da amfani in aikin na kusa ne, domin mai ɗauka ya san wadda ke kusa ba ta makara. Ba dole ba ne ki rubuta yawan yara ko shekarunsu. Shekarun da kika yi a gida kada ki ɓoye su da ƙarya, ana kama wannan cikin sauƙi. Layi ɗaya ya isa: daga shekara kaza zuwa kaza kin tsaya kula da iyali. In a lokacin kin riƙe adashen mata 20 ba a taɓa samun rikici ba, ko kin koyar a islamiyya, ko kin sayar da atamfa ta WhatsApp kina rubuta shiga da fita, ki rubuta su da lambobinsu, don aiki ne. Sannan layin harsuna: Hausa, Turanci, Yarabanci ko Fijin in kina ji, Larabci in kin yi. Mata da yawa suna barin Hausa a waje suna ganin ba abin faɗa ba ce, alhali a Legas ita ce abin da yawancin masu neman aikin tare da ke ba su da shi. Ki ajiye CV ɗin a matsayin PDF a waya, ki kuma buga kwafi 10 ki sa a leda mai kariya daga ruwa.

Inda ake nema

A intanet, shafukan da aka fi sa guraben Legas su ne Jobberman, MyJobMag, HotNigerianJobs, Indeed da LinkedIn. Buɗe asusu a cikinsu kyauta ne. Kuskuren da ake yi shi ne a buɗe shafin a yi ta gangarawa har data ta ƙare. Ki yi amfani da akwatin bincike, kuma da yake tallan da Turanci ake rubuta su, kalmomin da za ki sa su ne irin "Hausa speaking", "part-time", "remote", "school" tare da sunan unguwa kamar Ikeja ko Surulere. Ki kunna sanarwa ta imel a kan waɗannan kalmomin, ki ware minti 30 kullum bayan yara sun fita. Tallar da ta wuce mako biyu yawanci an riga an tara mata ɗaruruwan takardu, don haka sababbi za ki fi bi. Takarda biyar da kika gyara kowacce daidai da abin da aka nema ta fi hamsin da aka watsa iri ɗaya. Ki riƙe ɗan littafi: sunan wuri, ranar da kika aika, abin da suka ce. Ranar da aka kira ki kina tsaka da wanka wa jariri, littafin ne zai tuna miki ko su wane ne.

Amma gaskiyar magana, aikin da ya fi dacewa da uwa, wato na cikin unguwa, ba kasafai yake hawa intanet ba. Ƙananan makarantu, asibitoci masu zaman kansu, kantin magani, ɗakin gwaje-gwaje da manyan shaguna kan manna takarda a ƙofa ko su tambayi ma'aikatansu ko sun san wata. Wannan da ƙafa ake nemansa. Makarantu sun fi ɗaukar malamai a Yuli da Agusta kafin sabuwar shekarar karatu ta Satumba, sai kuma ƙarshen Disamba in wata ta ajiye aiki. Ki je wajen ƙarfe 10 bayan an gama hayaniyar safe, ki nemi ganin shugabar makaranta ko mai ita, kada ki bar takarda a hannun maigadi ki juya. Ki tambayi sunan wanda ya karɓa, ki koma bayan mako ɗaya.

Ki kuma buɗe baki a cikin jama'arki. Kunya ce ke hana mata da yawa faɗin suna neman aiki, sai gurbi ya wuce ta gabansu a ba wata. Ki faɗa a wajen ta'alim, a taron FOMWAN, a ƙungiyar iyayen yara ta makaranta, a zauren WhatsApp na matan unguwa. Maigida ko ƙaninki ya kai maganar masallaci da fadar Sarkin Hausawan yankinku, don kamfanoni da masu bincike da ke son shiga cikin Hausawa sukan bi ta nan. Kuma ki faɗi takamaiman abu. "Ina neman aiki" ba ya zama a kan kowa. "Ina da NCE, ina neman koyarwa a Agege ko Ogba, safe zuwa ƙarfe 3" shi ake tunawa. Manyan dilolin Mile 12 da ke sauke tumatir da albasa da tattasai suna da lissafin bashi da na motoci da ke neman mai rubutawa, kuma mace mai amana da ta iya Excel ko ko da littafi mai tsabta za ta iya riƙe wa mutum biyu ko uku daga gida.

Ta ɓangaren gwamnati, Ma'aikatar Harkokin Mata da Rage Talauci ta jihar, wadda ake kira WAPA, tana da cibiyoyin koyon sana'a a sassan jihar, ana koyar da ɗinki, girki, gyaran gashi, kwamfuta da sauransu ba tare da kuɗin makaranta ba, kodayake kayan aiki da kuɗin mota naki ne. Asusun samar da aikin yi na jihar, wato LSETF, da aka kafa a 2016 yana ba da horo da rancen ƙananan sana'o'i, kuma zai nemi LASRRA da BVN da lambar haraji. Rancen nasu yana da ruwa, don haka wadda ke gudun riba ta tambayi bankunan da ba sa mu'amala da ruwa, irin su Jaiz, TAJ da Lotus, ta ji sharuɗɗansu. Gwamnatin tarayya tana da shirin 3MTT na koyar da fasahar kwamfuta tun 2023. Ɗaukar malaman gwamnati kuwa ta hannun hukumomin ilimi na jihar, TESCOM da LASUBEB, ake yi, ana sanarwa a shafukan da ke ƙarewa da gov.ng, kuma ba a sayar da fom a bakin titi.

Wane aiki, kuma ina yake ciwo

Koyarwa ita ce ta fi shiga da rayuwar uwa: lokacin tashinki kusan ɗaya da na yara, hutunki ɗaya da nasu. Ciwonta a makarantun kuɗi shi ne wasu ba sa biyan albashin watan Agusta, wasu suna tilasta lesin har ƙarfe 4 ko 5, ga rubuta sakamako a ƙarshen zango da ke bin ki har gida. Ki tambayi waɗannan ukun kafin ki amsa, ki kuma tambayi wata malama a ɓoye ko ana biya a kan lokaci.

Sashen amsa kiran kwastomomi na kamfanonin waya, bankuna da manhajojin kuɗi yana neman masu jin Hausa, domin suna da miliyoyin masu hulɗa a Arewa, ofisoshinsu kuma da yawa a Legas suke. Sau da yawa ba kamfanin ne da kansa zai ɗauke ki ba, wani ɗan kwangila ne, don haka ki san sunan wanda zai biya ki. Matsalar ita ce karɓa-karɓa: wannan makon safe, mako mai zuwa yamma ko dare, har da Asabar da Lahadi da ranar Sallah. Ki tambaya ko akwai tsayayyen zubin safe. In babu, ba kuma ki da babba a gida da dare, ki haƙura da shi ko da albashin ya yi miki kyau.

Aikin gida ta intanet, irin fassara tsakanin Hausa da Turanci, mayar da murya rubutu, naɗar murya don talla, da tantance rubutun Hausa ga kamfanonin fasaha, yana nan kuma ana samunsa a LinkedIn, Upwork da ProZ. Sai dai mutane suna ɗaukarsa da sauƙin da ba shi da shi. Yana buƙatar kwamfuta, don waya ba ta isa aikin da ya wuce ɗan gajere ba. Yana buƙatar wuta ta aƙalla awa 4 da za ki dogara da ita, ko ta ƙaramar inbata ko sola, da layin data biyu na kamfanoni daban saboda ranar da ɗaya ya ɗauke. Yana buƙatar rubutun Hausa na ƙa'ida: wadda ba ta bambance ƙ da k, ɗ da d, ba ta san inda ake raba kalmomi da inda ake haɗe su ba, gwajin farko zai kayar da ita, duk iya maganarta. Ki sa allon rubutu mai haruffan Hausa, ki riƙa karanta rubutun kafofin labarai na Hausa da idon mai koyo. Kuɗin aikin yakan zo bayan kwana 30 ko fiye, wani wata a samu da yawa, wani wata shiru, don haka kada ki ɗora kuɗin haya a kansa a farko. Ki buɗe hanyar karɓar kuɗin waje, kamar Payoneer ko asusun dala a banki, da sunan da ya yi daidai da na katinki. Abu na ƙarshe da ba a faɗa: aikin gida ba ya maye gurbin mai reno. Yaro ɗan shekara biyu ba ya barin uwa ta saurari murya ta rubuta. Ko dai ki yi shi lokacin barcinsa da bayan asuba, ko ki nemi mai riƙe shi na awa uku.

Mai son zaman kanta kuma, POS a ƙofar gida, lalle da gyaran jiki, turaren wuta da humra, fura da nono, masa da tuwo ga ma'aikata, duk suna da kasuwa, har a wajen waɗanda ba Hausawa ba. A POS jari ne ke magana: in kuɗin hannunki ya ƙare ƙarfe 11, sauran yinin kallo za ki yi, kuma kada ki miƙa kuɗi don an nuna miki alat a wayar kwastoma, sai kin gani a naki asusun. Tun 2024 hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, ta buƙaci masu POS su yi rajista. Abin ci ko sha da za a ƙulle a roba a kai shaguna yana buƙatar lambar NAFDAC. Babban mai kashe sana'ar gida shi ne haɗa jari da kuɗin cefane a jaka ɗaya, sai bashin maƙwabta da ake jin nauyin tambaya.

Ranar intabiyu da abin da doka ta ba ki

Kada ki buɗe zance da yara. Ki fara nuna abin da kika iya. Idan suka nuna suna so, ko suka tambayi yaushe za ki fara, nan ne wurin tambayoyinki: ƙarfe nawa ake tashi a aikace, ana zuwa Asabar, yaya ake yi in yaro ya kwana da zazzaɓi, akwai inda za a yi sallah, kayan aikin sun yarda da hijabi. In aka tambaye ki wa zai kula da yara, ba su labarin wahala suke son ji ba, tsari suke son ji: "Ƙaramin yana gidan reno har ƙarfe 4, ƙanwata ce ke ɗauko manyan." Ki dubi ofishin da idonki. In ƙarfe 6 ta yi kowa na zaune ba mai shirin tashi, to abin da ke rubuce a takarda ba shi ake bi ba. In kina son a rage miki lokaci, ki kawo tayin da su ma za su amfana, misali ki riƙa zuwa 7:30 ki tashi 3:30, a gwada wata ɗaya.

Dokar Ƙwadago ta Najeriya, sashe na 54, ta ba mace hutun haihuwa na mako 12, shida kafin haihuwa da shida bayanta, da takardar likita. In ta yi wata 6 tana aiki a wurin, za a biya ta aƙalla rabin albashinta a lokacin hutun, kuma ba a yarda a sallame ta tana cikinsa ba. Mai shayarwa tana da rabin awa sau biyu a rana a cikin lokacin aiki. Sashe na 7 ya wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin wata 3 ya cika. Wannan dokar ta fi shafar masu aikin hannu da ƙananan ma'aikatan ofis. Manyan ma'aikata da ƙwararru abin da ke cikin takardar ɗaukarsu shi ke aiki a kansu, shi ya sa karanta ta kafin sa hannu ya zama dole. Ma'aikatan gwamnatin jihar Legas tun 2014 suna da hutun haihuwa na wata 6 a haihuwa biyu na farko, na tarayya kuma mako 16. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun 2024, jihar Legas ta sanar da 85,000 ga ma'aikatanta, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ko masu aikin rabin yini da na kamasho, kuma a nan ne yawancin ƙananan makarantu da shaguna suke.

Duk alkawarin da aka yi miki da baki, ki roƙa a sa shi a takardar ɗauka, ko ki aika saƙo bayan ganawar kina maimaita abin da aka amince, ki ajiye amsar. Manaja yana canzawa, sabon kuma bai san da zancen tashi ƙarfe 3:30 ba. In aka riƙe miki albashi, Cibiyar Sasanci ta Citizens' Mediation ta gwamnatin jiha tana sauraron rikicin ma'aikaci da mai aiki kyauta, kafin a kai ga Kotun Ma'aikata da ke Ikoyi.

'Yan damfara

Sun san uwa mai neman aiki a matse take, kuma da wannan suke kama ta. Duk wanda ya ce ki biya kuɗin fom, na rajista, na gwajin lafiya ko na horo kafin a ɗauke ki, ki rufe zancen. Saƙon da ya gayyace ki intabiyu a wurin da ba ki taɓa nema ba, babu sunan kamfani, babu sunan aikin, sai adireshi da "ki zo da biro", yawanci taron tallar magunguna ne da za a ce ki sayi kaya ki kuma kawo mutane, wani lokacin kuma abin ya fi haka muni. Haka aikin "danna ki samu" na WhatsApp da Telegram: za su biya ki ɗan kaɗan sau ɗaya ko biyu, sannan su ce ki zuba naki. Kada ki ba kowa lambar sirrin da banki ya turo miki. Kafin ki je ko'ina, ki binciki sunan kamfanin a shafin CAC, ki sa adireshin a Google ki ga abin da mutane suka ce, ki tura wa maigida ko 'yar'uwa inda za ki, kada kuma ki yarda da ganawa a ɗakin otal ko gidan mutum. Lambobin gaggawa na Legas 112 ne da 767. Masu zuwa da zancen aikin gida a Saudiyya ko wata ƙasar Larabawa, "ba sai kin biya ba, za a riƙa cira a albashi", a nan ne mata ke rasa fasfo da 'yanci. Ki tambayi lasisinsu na Ma'aikatar Ƙwadago ta tarayya, in kina shakka ki tuntuɓi NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane.

Wa zai riƙe yaran

A gida Arewa akwai kaka da gwaggo da matan gida. A Legas ɗaki ɗaya ne ko biyu, dangi suna nesa, kowa kuma yana fafutukarsa. Tsari ɗaya ba ya isa, sai biyu: na kullum, da na ranar da na kullum ya karye, wato ranar da mai reno ta yi rashin lafiya ko makaranta ta ba da hutun tsakiyar zango. Gidan reno ki ziyarce shi ba tare da sanarwa ba, wajen ƙarfe 12. Ki ƙirga yara ki ƙirga manya. Mace ɗaya a kan jarirai 10 ba reno ba ne. Ki duba inda ake kwantar da su, ruwan da ake ba su, ko ƙofa tana kulle, wa ake yarda ya ɗauki yaro, da tarar da ake ci in kin makara. Ki tambaya kai tsaye ko ana ba yara wani magani ba da izinin uwa ba. Mata uku ko huɗu a gida ɗaya za su iya yin karɓa-karɓar ɗauko yara, amma a yi maganar kuɗi da abinci a fili tun farko, don a nan zumunci ke tsagewa.

Ɗauko ƙaramar yarinya daga ƙauye ta zo ta yi reno ba mafita ba ce. Dokar hana fataucin mutane ta 2015 ta haramta sa yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, kuma ko ta wuce haka, yarinyar da ya kamata tana aji ba za ta iya da jariri mai shaƙewa ko tukunyar gas ba. 'Yar wani ce, ita ma uwarta tana son ta zama wani abu.

Mai shayarwa ta fara koya wa jariri karɓar tatsattsen nono a kofi ko cokali mako biyu kafin ta fara fita. Nonon da aka tatsa a mazubi mai tsabta yana kai awa 4 a ɗaki, kwana 4 a firjin da wuta ba ta yanke masa ba. Da yanayin wutarmu da zafin Legas, ki fi dogara da ƙaramar kula mai ƙanƙara, ki rubuta lokacin tatsa a jikin kowane mazubi, a ɗumama shi cikin ruwan ɗumi, ba a kan wuta ba.

Maigida kuma a zauna da shi da takardar lissafin nan ta farko a gabansa, ba a tsaye a bakin ƙofa ba. A yanke wa zai kai yara, me za a ci ranar da kika makara, wane kaso na kuɗin zai shiga gida, wane ne naki. Sannan kafin ranar farawa ku yi gwajin kwana uku cur: a tashi a lokacin, a shirya yara, a kai ƙaramin gidan reno, ki bi hanyar har ƙofar wurin aikin ki dawo. A nan za ki gano cewa kayan makaranta tun dare ya kamata a goge su, cewa miyar kwana uku ranar Lahadi ake yin ta, ko cewa motar ƙarfe 6:40 tana riga ta 7:00 isa da kusan awa guda. In gwajin ya nuna yaro zai riƙa zama a ƙofar makaranta shi kaɗai har ƙarfe 5, ki koma wurin masu aikin a gyara lokacin tun ba ki sa hannu ba.